Hawan Jos da Motar da Ƙarfinta Ke Zurarewa

Hanyar Kano zuwa Jos ta Saminaka ba ta rufa wa mota asiri. Tsawonta ya kusa kilomita 300, kuma rabinta na farko ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ko injin da ya gaji zai lallaɓa ya wuce. Daga dajin Falgore ne ƙasa ke fara tasowa. Kano na zaune a kan tudun da bai kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Duk ciwon da injin ke ɓoyewa a cikin gari, wannan tazarar za ta tono shi.

Da ɗan yayata muka kama hanyar, a cikin Golf 3 ɗinsa, doguwar nan da direbobin haya ke ji da ita. Ɗaurin aure za mu je. Kafin tafiyar motar ta yi zafi a cunkoson gari har lagireto ya tafasa, farin hayaƙi ya biyo salansa, baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara. A wani gareji aka sauke top, wato kan injin, aka canja gaskit, aka mayar, aka ce masa aiki ya ƙare. Ya biya, ya ɗauki motarsa. Tun ranar yake jin ba ta dawo yadda take ba, amma da ya koma sai aka ce ya ba ta lokaci, sabon gaskit sai ya zauna.

Mun fita bayan sallar asuba ta titin Zariya. A Kura da Garun Malam gonakin shinkafa ne kore shar a hagu da dama, ruwan Tiga na bin magudanan da aka gina tun shekarun 1970. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun cika bakin titi. Motar na tafiya, sai dai idan muka rage gudu saboda rami ko shinge, sitiyari na ɗan karkarwa, kuma kafin ta sake ɗaukar gudu sai yaron ya danna totur fiye da kima. Na tambaye shi ko haka take. Ya ce, "Kawu, da can a giya ta biyar nake wuce nan ban ji komai ba. Yanzu kamar ana riƙe ta ta baya."

A Kwanar Dangora muka bar titin Zariya, muka nufi Tudun Wada. Daga nan gidaje suka yi ƙaranci, itatuwa suka yi yawa, muka shiga Falgore. Wanda ya saba da filin Kano zai yi mamakin cewa wannan ma jihar Kano ce: daji mai duhu, rafuka, da duwatsun Riruwai can nesa inda aka daɗe ana haƙar kuza. Direbobi ba sa son dare ya same su a nan, shi ya sa da rana kowa sauri yake yi tsakanin shingen jami'an tsaro da na gaba. Mu kuwa a nan motarmu ta fara nuna halinta. Hawan da bai kai a kira shi hawa ba sai mun koma giya ta uku. Wata tsohuwar bas cike da buhuna ta wuce mu. Allurar zafi ta ɗan ɗaga sama da inda ta saba tsayawa, yaron ya riƙa kallonta fiye da yadda yake kallon titi.

A Saminaka, garin masara, muka tsaya shan shayi, muka buɗe bonet don injin ya sha iska. Buɗe bonet a bakin tasha gayyata ce. Nan take mutane suka taru, kowa da maganinsa. Wani ya ce fulogi ne. Wani ya ce mai ne mai ruwa muka sha. Wani ya rantse famfon mai ne ya gaji. Duk da kyakkyawar niyya suke faɗa, kuma kowanne cikin abubuwan nan yana iya sa mota ta yi sanyin jiki. Amma babu wanda ya tambayi aikin da aka yi wa injin na ƙarshe, alhali daga nan ya kamata a fara.

Daga Jengre zuwa Jos mun sha wuya. A wasu hawan giya ta biyu muka yi, manyan motoci na mana ham. Sai da muka ga Mista Ali, sannan Farin Gada da tarin kabeji da karas da dankalin Turawa, hankalinmu ya kwanta. Washegari da safe, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, motar ta ƙi tashi sai da aka tura ta.

Garejin da aka kai mu babban fili ne, rumfuna a jere, kowace da ogan ta da yaransa. Bakanike na farko ya saurari injin, ya ce ringi ne, a sauke a yi masa aiki gaba ɗaya. Na biyu ya ce kada mu ɓata kuɗi, mu sayi injin Beljiyom mu huta. Na ga fuskar ɗan yayata ta canja, domin motar nan ita ce abincin gidansa, kuma kuɗin injin ya fi ƙarfinsa. Wani yaro mai wanke sifana ne ya matso ya ce mu gwada wani dattijo a rumfar ƙarshe, shi yana da geji.

Dattijon bai taɓa motar ba sai da ya gama tambayoyinsa. Yaushe ta yi zafi? An yi tafiya da ita bayan ta tafasa? Da aka sauke top, an kai shi wurin masu injin aske fuska, ko a garejin aka goge? An sa sababbin kusoshi? Da wane irin sifana aka ɗaure? Ɗan yayata ya ce, "Baba, ni dai na ga sun goge shi da sanfefa, sun shafa gam, sun ɗaure da dogon bututu." Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce, "To ɗana, ba zan ce maka komai ba tukuna. Bari mu tambayi injin."

Abin da yake son aunawa shi ne abin da makanikai ke kira kwamfureshin, wato matsin da fistin ke yi wa iska da mai a cikin silinda kafin fulogi ya kunna wuta. Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da ɗan yatsa ya danna ya san yadda iska ke turjewa, ya kuma san yadda hannu ke tafiya sakayau idan ya ɗan saki yatsan. Ƙarfin mota daga wannan turjiyar yake fitowa. Kuma ƙofofin da iskar za ta iya gudu ta cikinsu ba su da yawa: ringin da ke zagaye da fistin, bawul na shigar iska, bawul na fitar hayaƙi, gaskit da ke tsakanin top da bulok, sai kuma tsaga idan ƙarfen ya fashe. Aikin mai bincike shi ne ya gano wace ƙofa ce a buɗe kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Na tsaya na kalli yadda ya yi awon, domin a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sai da ya sa aka tayar da injin ya yi ɗumi. Ya cire fulogi duka huɗun, ba ɗaya kawai ba, don injin ya juya ba nauyi. Ya zare wayar kwayil, ya cire fiyus ɗin famfon mai don kada fetur ya riƙa zuba yana wanke bangon silinda. Ya ari batir mai ƙarfi, saboda batirin da ya gaji a hankali yake juya injin, geji kuma ya nuna ƙasa da gaskiya. Sannan ya ce wa ɗan yayata ya take totur har ƙasa yayin da yake murza makulli, don iska ta samu hanyar shiga. Kowace silinda ya bar injin ya juya har allura ta daina hawa, yaronsa na rubuta lambar a jikin kwali.

Silinda ta ɗaya ta ba da 8 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar). Ta biyu 5. Ta uku 5 da rabi. Ta huɗu 8. Lafiyayyen injin irin wannan, mai cc 1,800 da bawul takwas, ana sa ran ya ba da ba 10 zuwa sama, wato wajen psi 145 a ɗaya gefen gejin.

Dattijon ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce magana biyu ce a nan, ba ɗaya ba. Ta farko, duka huɗun sun yi ƙasa. Ta biyu, na tsakiya biyun, waɗanda ke maƙwabtaka, sun faɗi tare. Ya kuma ja hankalina ga wani abu da ban taɓa jin bakanike ya kawo ba. Ya ce, "Malam, a Jos ba a karanta geji kamar yadda ake karantawa a Legas." Gaskiya ya faɗa. A tudun mita 1,200 matsin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka gwada da bakin teku, don haka injin da zai nuna 11 a Legas, a nan bai fi ya nuna 9 da rabi ba, kuma lafiyarsa lau. Injin da ba shi da tobo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. Shi ya sa dattijon ya fi damuwa da bambancin da ke tsakanin silinda da silinda fiye da lambar kanta. Tudun Jos yana iya rage wa dukansu, amma ba ya zaɓar biyu ya bar biyu.

Ko da an cire rabon tudun, 8 ta yi kaɗan. Idan duk silindodi suka yi ƙasa bayan an sauke top, wurin da za a fara dubawa shi ne taimin, domin ba a sauke top ba tare da an cire bel ba. Ya buɗe murfin, ya juya injin da hannu har alamar da ke jikin filawil ta bayyana ta ɗan ramin da ke saman giyabos, sannan ya duba alamar da ke kan haƙoran kamshaf. Ba su haɗu ba. Haƙori ɗaya aka tsallake, kamshaf ya makara. Ma'anarsa bawul na shigar iska ba ya rufewa da wuri, fistin ya riga ya fara hawa yana mayar da wani ɓangare na iskar ta inda ta shigo. Haƙori ɗaya ba ya hana mota tashi, shi ya sa ake sallamar mai ita. Da ya yi yawa, a injuna da dama fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi. Ya sassauta bel, ya mayar da shi gurbinsa, aka sake awo. Ta ɗaya da ta huɗu suka hau 9 da rabi. Na tsakiya suka tsaya a 6.

Yanzu saura maganar ringi, wadda aka ce mu sauke injin a kanta. Ya ɗebi baƙin mai kamar cokalin shayi ya zuba ta ramin fulogi na biyu, ya juya injin, ya sake ɗaura geji. Idan ringi ne suka cinye, man yana toshe gefen fistin na ɗan lokaci, allura ta yi tsalle sama. Allura ba ta motsa daga inda take ba. Haka ta uku. Da cokali biyu na mai aka wanke ringi daga zargi, aka kuma tsare wa yaron nan kuɗin da ba shi da su.

Gwajin ƙarshe shi ya fi burge ni. Dattijon na da wani tsohon fulogi da aka fasa farin kansa aka yi masa walda da bakin tayar mota. Ya sa aka tura motar kusa da mai faci, ya kawo fistin na biyu can ƙololuwa a lokacin da bawul ɗinsa biyu ke rufe, ya sa giya ya ja birkin hannu don kada injin ya juya, ya ɗaura fulogin, aka hura iska. Sai ya bi da kunne. Ya saurara a bakin shigar iska, shiru. Ya aika yaro bakin salansa, ƙaramin huci kawai. Ya buɗe murfin baƙin mai, ba wani abin kirki. Ya leƙa ruwan lagireto ko zai ga kumfa, babu. Da ya kai tafin hannunsa bakin ramin fulogi na uku, sai ya kira ni in sa nawa. Iska ce ke fitowa da ƙarfi. Abin da aka hura wa ta biyu yana tsallakawa ta uku ta siririyar katangar da ke tsakaninsu, inda gaskit ya fi ko'ina sirantaka. Shi kuma ƙaramin hucin salansa daga nan yake, domin a daidai wannan matsayi bawul ɗin ta uku ba su gama rufewa ba.

Sai a lokacin ya ɗauki sifana. Wajen kwance kusoshi goma na top, na tsakiya suka zo da sauƙi fiye da na gefe. Tsofaffin ne aka mayar. Kusoshin wannan injin irin waɗanda ke miƙewa ne idan an ɗaure su, shi ya sa ake canja su duk lokacin da aka sauke top. A ƙasan ramukan biyu kuma ya tarar da baƙin mai da ruwa sun kwanta. Kusa idan ta sauka kan ruwa sai ta cije, mai ɗauri ya ji kamar ta kai ƙarshe, alhali ba ta danne komai ba, wani lokacin ma har bulok take tsagawa. Sabon gaskit ɗin ya ƙone baƙi ƙirin a tsakanin ta biyu da ta uku, gam ya dunƙule a bakin ramukan ruwa. Ya goge fuskar top, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kuma a karkace, ya riƙa zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. A tsakiya mai kaurin milimita 0.2 ya shige. Iyakar da aka yarda da ita ga wannan top ɗin 0.1 ce. Top na alminiyon ne, bulok na baƙin ƙarfe, kuma zafi ya fi buɗa alminiyon. Ranar da motar ta tafasa top ɗin ya bankare, kuma sanfefa ba ta miƙar da ƙarfe.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke gyaran mota. Gaskit ba ya ƙonewa don ganin dama, wani abu ne ke ƙona shi. In aka canja shi aka bar abin da ya ƙona shi, an bar jaki ana dukan taiki. Ban ɗauki waɗanda suka yi aikin farko a matsayin macuta ba. Yawancin makanikanmu da ido da hannu suka koyi sana'a, a wurin ogan da shi ma haka ya koya, kuma hannun nan ya riƙe motocin ƙasar nan shekaru aru-aru. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 tana yafe kuskure da yawa. Amma hannu ba ya jin bambancin 0.1 da 0.2 na milimita, komai ƙwarewarsa. Mu ma masu motoci da namu laifin: muna son a gama yau, muna ƙorafin kuɗin kai top wurin aski, kuma wanda ya ce sai ya auna muna ganin yana ja mana rai. Gejin dattijon nan bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kifa top ɗin, ya cika kwarmin kowace silinda da kananzir ya bar shi, don ya ga ko zai tsiyaye ta gefen bawul. Bai tsiyaye ba. Ya duba tsakanin mazaunan bawul da kyau, inda top ɗin Golf ya saba tsagewa. Ya auna fuskar bulok ita ma, ta fito daidai. Ya ce da a 504 ce da sai ya duba tazarar bawul, domin in an matse ta da yawa bawul ba ya zama, iska ta gudu; wannan injin kuwa da matsin mai yake daidaita kansa.

Aka tafi da top wurin masu injin aski, mu kuma muka samu sararin ganin gari. Bayan ɗaurin aure muka shiga Dilimi sayen gaskit da kusoshi, inda za a ajiye maka kaya kala uku masu kwali iri ɗaya, farashi daban, sai ka san abin da kake nema. Muka ci masa da miyar taushe a kusa da babban masallaci, muka wuce ta Taminus, inda babbar kasuwar garin ta ƙone a 2002. A bayan gari ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ruwansu a kwance tsakanin duwatsu. Jos gari ne da ƙarfe da injuna suka kafa, kuma ina ganin ba banza ba ake samun irin wannan dattijo a cikinsa.

Haɗawar ya yi ta a natse. Ya busar da ramukan kusoshi da iska. Ya ɗora gaskit a bushe, ba gam, rubutun da ke nuna sama yana kallon sama. Ya fito da sifana mai awo, ya fara daga kusoshin tsakiya yana fita gefe a karkace, zagaye na farko a 40, na biyu a 60 na ma'aunin Nm, sannan ya ƙara wa kowace kwatan juyi, ya sake zagayowa ya ƙara wani kwatan. Yaransa na tsaye suna kallo, ya riƙa sa su faɗi wace kusa ce ta gaba. Ya daidaita taimin, ya juya injin da hannu zagaye biyu ya sake duba alamomi kafin ya yarda a murza makulli.

Daga nan ya koma kan tushen ciwon. Lagireton ya toshe rabi da tsatsa da ƙasa, sakamakon ruwan rijiya da ake ɗura masa. Murfin tankin ruwan ba ya riƙe matsi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matsin murfin ne ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma a tudun Jos ruwa a buɗe yana tafasa tun a wajen digiri 96. An kuma cire tamostat, kamar yadda aka saba a wurinmu da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ya ce a mayar, tunda cire shi ba ya maganin lagireton da ya toshe, illa ya sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci ringi. Aka wanke lagireto, aka sa sabon murfi, aka zuba ruwan maganin tsatsa, aka canja baƙin mai da filta.

Da injin ya yi ɗumi aka sake ɗaura geji, duka huɗun suka tsaya tsakanin 9 da rabi da 10. Dattijon ya rubuta lambobin a ƙasan na farko, ya miƙa wa ɗan yayata kwalin, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan a mota. In kun sauka Kano ka sa a sake aunawa, za ka ga ta ɗan ƙaru. In ta ragu, ko ka ga ruwa na raguwa, kada ka bari kowa ya kwance komai sai ya auna."

A dawowa mun ratsa Falgore da hantsi, a giya ta biyar, allurar zafi na zaune a tsakiya. A Kano sai da yaron ya zaga gareji da dama kafin ya samu mai geji. Silindodin suka ba da tsakanin 10 da rabi da 11.